Daga Ƙasa Ake Karanta Shi, Malam

Da jin zan yi wa mutanen Bakori zancen kodin, na san wasunku sun fara murmushi. Bakori da kodin? Garin da in damina ta faɗi ba a da zance sai na taki da huɗa, in kaka ta yi a koma kan farashin masara da waken suya, shi za a zaunar ana koya wa karanta ƙorafin kwamfuta? Mutanen Funtuwa ma, da ke ganin tunda suna da masaƙa da tashar jirgin ƙasa sun zama 'yan birni, ina jiyo ƙus-ƙus ɗinsu daga nan. Ku yi dariyarku ku more, ba sauri nake ba.

In kun gama, ku leƙa ɗakin samarin gidanku. Yaron nan da kuke biya wa kuɗin makaranta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ko ta Tarayya da ke Dutsin-ma, ko ABU Zariya, ko Kwalejin Hassan Usman Katsina, wanda ya dawo hutu ya ƙi leƙa gona wai yana furojet, ku dubi fuskarsa da kyau. In kun same shi ya rafka tagumi gaban laftof, ba budurwa ce ta juya masa baya ba. Jan rubutu ne ya fito masa. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Tun da ministan sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023, da burin koya wa matasa miliyan uku sana'o'in kwamfuta, masu shiga harkar suka ƙaru har a garuruwan da ba a zata ba. Hukumar NITDA ke riƙe da aikin, shugabanta kuma Kashifu Inuwa Abdullahi Bahaɗeje ne, abokin wasanmu mu Katsinawa, saboda haka ba za a ji yabonsa a bakina cikin jama'a ba. Wanda bai da laftof ma bai zauna ba, yana nan yana latsa Python a wayarsa da manhajar Pydroid, babban yatsa na ciwo.

Ga abin da ke faruwa, don Alhaji da Hajiya su san me ke hana ɗansu cin tuwo. Manhaja jerin umarni ce da mutum ya rubuta wa na'ura layi-layi: buɗe fayil kaza, ɗauko lamba kaza, tara ta da kaza. Na'urar ba ta da dabara ko ta anini, abin da aka ce shi take yi. Ran da ta iso umarnin da ba zai yiwu ba sai ta tsaya cik, ta rubuto rahoto: ga inda na faro, ga inda na bi, ga inda na faɗi, ga abin da ya kayar da ni. Masu harkar na kiran rahoton tiresbak, yaranmu kuma na ce masa jan rubutu, don yawancin manhajojin rubuta kod da ja suke fito da shi.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne ba a karanta shi. Kai ƙanena, daina sunkuyar da kai, da kai nake. Jan rubutu na fitowa sai ka sake dannawa, ko na'urar za ta canza ra'ayi. Ba ta canza ba, ka kashe ka kunna. Ka goge Python ɗin ɗungurungum ka sake saukewa, datar wata guda ta tafi a dare ɗaya. Washegari ka tari Alhaji da zancen wai kwamfuta ta kamu da bairos, ka karɓi kuɗi, ka hau mashin zuwa Funtuwa a yi mata fomatin. Mai gyara kuwa ba zai ce maka lafiyarta ƙalau ba, shi ma yana da iyali. Ka dawo gida da kwamfuta wankakkiya fes, ka buɗe aikinka, ja ya sake fitowa, wuri ɗaya, layi ɗaya. Nan ne kakarka za ta ce kambun baka ne, a kawo mata garwashi ta yi mata hayaƙi. Duk an bar jaki ana ta dukan taiki, alhali na'urar ta riga ta rubuta maka sunan fayil da lambar layin da ta faɗi, ba ka dai duba ba.

Na ji mai cewa ai da Turanci ake rubuto shi, Turancin ma irin na masana. Haba Malam. Yaron da ya san sharuɗɗan kwantiragin kowane ɗan wasan Arsenal, ya karanta su da Turanci a waya har yana gyara wa abokansa, shi ne layi ɗaya zai gagara? Kalmomin da Python ke maimaitawa a ƙorafinta ba su kai na sharhin wasa ɗaya yawa ba. Tsoro ne kawai, da kuma rashin wanda ya taɓa nuna masa ta ina ake kama abin.

Alhaji, bari in zo rumfarka, don na ga har yanzu kana kallona a kaikaice. A ce ka loda tirelar masara zuwa Dawanau a Kano. Can aka farke buhu ɗaya aka tarar rabinsa ƙasa ce da tsakuwa, aka bugo maka waya. Ba za ka ce a cinna wa tirelar wuta ba. Abin da za ka fara tambaya shi ne, me aka gani a ciki, kuma wace alama ke jikin buhun? Daga nan ka biyo baya hannu-hannu: wa ya loda, wane dillali ya haɗa kayan, wa ya kawo masa a kasuwar Bakori, wane ɗan kwarami ya auno shi a Tsiga ko Kabomo. Mutanen Tsiga kada ku taso mini, misali nake. Kuma ko a mafarki ba za ka kama yaron da ya farke buhun a Dawanau ka ce shi ya zuba tsakuwa ba. A hannunsa abin ya bayyana, shi ke nan laifinsa. To abin da kake yi da ka tun kafin a haifi ɗanka, shi na'urar ta rubuta masa a jere, ya kasa karantawa.

Mu ƙaddara yaron ya rubuta maka 'yar manhaja mai tara kuɗin buhunan da ka saya, tana ɗauko lambobin daga takardar Excel da yaron shagonka ke cikawa. Ya danna, ga abin da ya fito:

File "lissafi.py", line 41, in <module>
File "lissafi.py", line 27, in jimlar_kasuwa
File "lissafi.py", line 9, in kudin_buhu
ValueError: invalid literal for int() with base 10: '45,000'

Ido yakan fara sauka a sama, don haka aka koya mana karatu tun firamare. A Python kuwa labarin a ƙasa yake. Kan rahoton ma, wanda ban kwafo muku nan ba, da kansa yana sanar da cewa kiran ƙarshe shi ne a ƙarshe, amma wa ya tsaya karanta kai? Layin can na ƙasa kashi biyu ne. Na farko sunan cutar: ValueError, wato an miƙo mini abu amma ƙimarsa ba ta dace da aikin da aka ce in yi ba. Na biyu bayaninta: an ce in mai da wannan rubutu lamba, na kasa, ga shi nan na sa maka shi tsakanin alamun zance ka gani da idonka. Dube shi da kyau. Waƙafi ne tsakanin 45 da sifili uku. Kai da ni mun san dubu arba'in da biyar ake nufi, ita kuwa lambobi zalla ta iya juyawa, da ta ci karo da waƙafi sai ta ajiye aiki.

Hau layi ɗaya sama. Layi na 9, cikin aikin da yaron ya raɗa wa suna kudin_buhu, nan aka faɗi. Wa ya kira shi? Layi na 27. Shi kuma wa ya kira shi? Layi na 41, inda tafiyar ta faro. Yanzu sai tambayar da ke raba mai koyo da gwani: layi na 9 ne ya yi laifi? Ya yi aikinsa lafiya lau a kan duk layukan da suka gabata. Waƙafin a takardar Excel aka zuba shi, wata ranar kasuwa da yaron shago ya ga dama ya ƙawata rubutunsa. Saboda haka gyara biyu ne a gaban ɗanka, kuma shi zai zaɓa da hankalinsa: ko ya koya wa manhajar ta share waƙafi kafin ta juya lamba, ko ya hana a shigar da shi tun daga tushe. Ni na fi son ya yi duka biyun, don wanda ya sa waƙafi yau, gobe alamar Naira zai sa a gaba, jibi ya rubuta "buhu 12 da rabi".

Wani zai ce, Malam ka zaɓo mai sauƙi, layi huɗu kacal, zo ka ga nawa. Na gani. Wanda ya ɗauko pandas, laburaren da ake sarrafa teburan bayanai da shi, in ya yi tuntuɓe sai rahoto ya cika sikirin ya zubo, fayiloli masu dogayen sunaye da bai taɓa buɗewa ba, duk a cikin wata jaka mai suna site-packages. Nan ne gaban mutum ke faɗuwa, ya ce shi ke nan na ɓata Python. Ba ka ɓata komai ba. Waɗancan fayilolin na mutanen da suka rubuta laburaren ne, dubban jama'a na amfani da su kullum a duniya, da wuya a ce kai ne ka fara gano ɓarakarsu daga ɗakinka a Kurami. Karanta layin ƙasa tukuna, sannan ka hau sama kana tsallake duk abin da ba naka ba, har ka iso layi na ƙarshe mai ɗauke da sunan fayil ɗinka. Nan ka miƙa wa laburaren abin da ya shaƙe shi. Sau da yawa abin kunya ne ma: layin ƙasa ya ce KeyError: 'Kauye', wato ka nemi shafi mai wannan suna babu shi. Ka rantse akwai shi, ga shi kana gani. Ƙara dubawa. A takardar "Ƙauye" aka rubuta da ƙugiya, ko kuma an bar ɗan fili a bayan kalmar wanda ido ba ya gani. A wurin na'ura waɗannan sunaye ne daban-daban, ba ta san hasashe ba.

Tunda ƙugiya ta shigo, bari in daɗe a nan, don wannan ciwon namu ne, Bature mai koyar da kodin a YouTube ba zai taɓa ambata shi ba. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, kowanne na da lambarsa a tsarin Unicode, kuma in an adana su da UTF-8, tsarin da Ken Thompson da Rob Pike suka zana a 1992, kowanne gurbi biyu yake ci maimakon ɗaya. Matsalar ita ce a kwamfutoci masu Windows da yawa, in ka ce Python ta buɗe fayil ba ka faɗa mata tsarin rubutun ba, sai ta ɗauki tsohon tsarin Yammacin Turai mai suna cp1252, wanda bai san da zaman haruffanmu ba. Sai ta karanta kowane gurbi daban. Ƙanƙara ta koma Æ˜anÆ™ara. Ɗanja ta koma ÆŠanja. Mutanen Ɗanja, ku yi haƙuri, ba ni na raɗa muku ba. Wannan ma da sauƙi, don aikin bai tsaya ba, muni kawai ya yi. Amma in babban Ɓ ya faɗo a cikin fayil ɗin, gurbinsa na biyu ba shi da ma'ana sam a cp1252, sai manhajar ta faɗi da UnicodeDecodeError, tana ambaton charmap da 0x81. In kuma rubutawa za ka yi, sai ta ce UnicodeEncodeError, ta kasa rubuta \u0199. Wannan lambar mai kama da laya ba kowa ba ce, ƙaramin ƙ ne. Duk inda ka ga charmap a layin ƙasa kana aiki da rubutun Hausa, je wurin da ka buɗe fayil ka ƙara encoding="utf-8". Abin da ke ba ni haushi shi ne masu magance matsalar ta hanyar cire ƙugiyoyin gaba ɗaya daga bayanansu. An yi wa harshe kaciyar dole saboda ƙyuyar karanta layi ɗaya, kuma a rajistar suna da gari, inda ƙugiya ke raba wannan da wancan.

Akwai kuma wanda ya fi kowanne raina wa mutum hankali, mai ambaton NoneType. Ma'anarsa ka miƙa hannu za ka ɗauki abu, aka ce babu komai a wurin. Layin da rahoton ya nuna kusan kullum ba shi da laifi. Can baya wani aiki ya kamata ya dawo da amsa ya dawo hannu rabbana, ko don an manta rubuta return, ko don an nemi suna a rajista ba a samu ba aka yi shiru. Sai ka bi abin a baya har inda aka haife shi, kana sa print a hanya kana leƙa me ke cikinsa a kowane zango. In abin ya ba ka haushi, ka san kana da manyan abokan kuka. Tony Hoare, masanin Ingila da ya shigo da wannan "babu" cikin wani yaren kwamfuta a 1965, ya tsaya gaban taro a Landan a 2009 ya kira ta kuskurensa na dala biliyan.

Wani lokaci rahoto biyu ko uku za ka gani a jere, da jimla a tsakani mai cewa ana cikin magance na sama ne wani ya auku. A nan kada ka tsaya a na ƙasa kaɗai, na saman shi ya fara faɗuwa. Masu Java da Kotlin kuma, ku da ke son yin manhajar Android, naku a kife yake: inda aka faɗi na sama, sannan ku gangara ku nemi Caused by na ƙarshe, galibi can asalin yake. Kar wani ya je ya ce na ce kowane yare daga ƙasa ake karanta shi.

Yanzu ga 'yan zamani, na ga kun ɗaga hannu tun ɗazu. Wai Malam duk wannan wahalar ta mece ce, tunda ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 ai kwafa kawai ake a liƙa masa. Ban hana ba, yana taimako, kamar yadda Stack Overflow ya taimaki na gabanku tun 2008. Amma me kuke liƙa masa? Na ga irin tambayar da ake turawa zaurukan WhatsApp: an ɗauki hoton sikirin da waya, hannu na rawa, hasken fitila ya haske rabi, an kamo layukan sama, an yanke na ƙasa wanda shi kaɗai ake buƙata, an rubuta "a taimaka" a ƙarƙashi. Ko Guido van Rossum da ya ƙirƙiro Python ya fitar da ita a 1991 aka tura wa wannan hoton, haƙuri zai ba ka. Wanda bai san wane layi ne mai magana ba, bai san abin da zai tambaya ba, kuma in an ba shi amsar banza ba zai gane ba. Zai liƙa ta, ja na farko ya tafi, sabo ya fito, ya sake kwafa, har manhajar ta zama abin da shi kansa bai san me ke cikinta ba. Ranar kare furojet malami ya nuna layi ɗaya ya ce me wannan ke yi, sai zufa.

Sannan mu nan mun san abin da wasu ba su sani ba. A watan Satumbar 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jiharmu ta Katsina saboda matsalar tsaro, har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi, aka shafe watanni sai mutum ya yi tafiya kafin ya samu sabis. Allah kada ya maimaita mana dalilin. Amma Python ba ta buƙatar intanet kafin ta yi aiki, ba ta buƙatarsa kafin ta gaya maka inda ta faɗi. Wanda ya iya karanta rahoton ya ci gaba da aikinsa muddin akwai caji. Ko yau ɗin nan, sau nawa data ke ƙarewa ana tsakiyar aiki?

Waɗanda suka fi ba ni tsoro ba matsorata ba ne, masu wayo ne. Sun gano cewa in ka kewaye kod da try, ka sa except, ka rubuta pass a ƙarƙashi, ja ba zai ƙara fitowa ba. Gaskiya ne, ba zai fito ba. Koma kan lissafin Alhaji. Manhajar za ta iso layin nan mai waƙafi, ta kasa, ta tsallake shi shiru, ta ba da jimla mai kyan gani wadda ta rasa kuɗin buhunan wannan layin gaba ɗaya. Alhaji ya ɗauka ya yi ciniki da ita. Ran da asiri ya tonu, yaron shago za a fara tuhuma da sata, bawan Allah da waƙafi kawai ya sa. Manhajar da ta faɗi da ihu ta fi wadda ta yi ƙarya cikin ladabi sau dubu.

Na san cikinku akwai waɗanda har gobe ba su yarda an je duniyar wata ba. Ku toshe kunne na minti ɗaya, sauran su saurara. Ranar 20 ga Yulin 1969, Neil Armstrong da Buzz Aldrin na gangarawa za su sauka, kwamfutar kumbon ta fara ƙara tana nuna lamba 1202. Ba bayani, lamba kawai. A ɗakin kula da tafiyar a Houston akwai wani matashi ɗan shekara 24, Jack Garman, da ya riga ya rubuta lambobin ƙararrawar da ma'anarsu da hannunsa a takarda ya ajiye a gabansa. Ya duba, ya ga ma'anarta aiki ya yi wa kwamfutar yawa, tana zubar da ƙanana tana riƙe manya, kamar yadda ayarin Margaret Hamilton na MIT suka tsara ta. Ya gaya wa abokin aikinsa Steve Bales a ci gaba, aka ci gaba, aka sauka. Da irin ƙanena ne a kujerar, da ya ce a kashe a kunna.

Ga kuma kishiyarsa, wannan ko masu musun wata ba su da ta cewa don a sararin duniyar nan aka yi. Ranar 4 ga Yunin 1996 rokar Turai Ariane 5 ta tashi karon farko daga Kourou, ɗauke da taurarin ɗan'adam huɗu, ta tarwatse cikin kimanin sakan 40. Binciken da aka yi ya nuna an ɗauko kod daga tsohuwar roka Ariane 4, wani lissafi ya yi ƙoƙarin cusa lamba mai gurbi 64 cikin mazubi mai gurbi 16 wanda ba ya ɗaukar abin da ya wuce 32,767. Na'urar auna alkibla ta faɗi, ta ajiyar ma ta faɗi da cuta iri ɗaya. Abin da ya ƙarasa aikin shi ne na'urar ta aika bayanin kuskurenta, babbar kwamfutar rokar kuma ta ɗauke shi a matsayin bayanin tafiya, ta murɗa rokar da shi. Ita ma ba ta karanta jan rubutunta daidai ba.

Kada masu shakka su tafi hannu wofi, akwai inda kuke da gaskiya. Wasu saƙonnin da gaske ba su da kirki. Mai rubuta C yakan samu Segmentation fault, kalma biyu, ba fayil ba layi, je ka nema. Python ma kafin 2021, in ka buɗe baka ka manta rufewa, sai ta nuna layin gaba wanda bai ci ba bai sha ba, ta ce invalid syntax, ka kwana kana harararsa. Masu kula da yaren sun san da wannan. A Python 3.10 da ta fito Oktoban 2021 aka sa tana faɗa ƙarara cewa ga bakan da ba a rufe ba, in ka yi kuskuren harafi a suna kuma ta tambaye ka ko kaza kake nufi. A 3.11 ta Oktoban 2022 aka ƙara 'yan alamu a ƙarƙashin layi masu nuna daidai gaɓar da ta karye, aikin da Pablo Galindo Salgado da abokansa suka tsaya a kai. Saboda haka in har yanzu tsohuwar da wani ya tura maka a filasha shekarun baya kake amfani da ita, rabin wahalarka kai ka saya. Sai dai ko sabuwar ba za ta cece ka daga kod ɗin da ka kwafo daga handawut na Word ko PDF ba, inda alamun zance suke a lanƙwashe. Za ta ce invalid character, ta nuna maka shi, har da lambarsa U+201C. Goge ka sake bugawa da kibod ɗinka.

Malamai masu koyarwa, ina da roƙo gare ku, kuma ban kama sunan kowa ba. Ana koya wa yara rubuta kod mai kyau a allo, a yi jarrabawa a takarda, yaro ya ci A bai taɓa ganin manhajarsa ta faɗi a gaban malami ba. Ku riƙa kawo musu karyayyen kod da gangan. Ku sa waƙafi a lamba, ku sa Ɓ a fayil, ku cire return, ku ce kowa ya tashi ya karanta layin ƙasa da ƙarfi ya faɗi ma'anarsa da Hausa. Darasi ɗaya irin wannan a mako ba zai rage muku manhajar karatu ba.

Kai kuma Alhaji, in yaron nan ya sake zuwa da zancen bairos, ba sai ka iya Turanci ba. Ce masa ya kawo kwamfutar nan gabanka, ya sa yatsa a layin ƙarshe, ya gaya maka wane fayil ne, layi na nawa, kuma me aka miƙa mata ta ƙi karɓa. In ya amsa, ka sa masa albarka ya koma ya gyara. In ya fara inda-inda, ya zauna nan kan tabarma ya karanta har ya gane. Kuɗin fomatin kuwa ka riƙe abinka.